Mushe Tahiru Ya Kama Ɓarawon Tattasai

"Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo!"

Kubura ta suri taɓarya ta nufi bakin kogin Komadugu, inda suka shanya tattasan bana, tana gudun kada a illata mata miji. Mijin nata kuwa, Mushe Tahiru, tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Ya ajiye alli, amma ko akuya ya gani sai ya koya mata tafiya.

Ta tarar da shi tsaye lafiya lau, ga wani ƙato durƙushe gaban buhun tattasai yana haɗa gumi.

"Malam, kai ka yi kururuwar?"

"Ni ne, Inna," in ji ƙaton. "Don Allah a kai ni wurin jandarma. Tun hantsi yake mini darasin riƙon amana, yanzu kuma wai in maimaita daga farko!"