Inda Pinole Ke Kwanciya

Karen ya sake fizge igiyarsa. Ya ratsa ɗaliban da suka baje a kan ciyawa suna miƙo masa hannu, bai ko dube su ba, ya zagaya bayan ɗakin cin abinci ya kwanta a kan daɓen siminti, ya kafa haɓarsa a ƙasa.

Doña Eulalia, mai dafa abincin ɗalibai, ta hango shi ta tagar kicin. Ta rage wutar tukunyar wake, ta goge hannu, ta fito.

Lokacin jarrabawa ne, kuma jami'a ta kawo karnukan lallashi, irin waɗanda ɗalibi ke rungumewa ya sha kukansa ya tashi sakayau. Sauran karnukan sun iya aikin har da iyayi. Shi kuwa wannan karen, Pinole, tsoho ne, hancinsa duk tabo, faratansa sun cinye, ko wutsiya ba ya kaɗawa. Aronsa aka yi daga wani ƙauye don cike gurbi, ba wanda ya tsaya tambayar tarihinsa.

Ita kam shi ne ya kwanta mata a rai. Tun ranar da ɗanta Ulises ya fita taron ɗalibai a makon zanga-zanga bai dawo ba, ƙirjinta yake a ɗaure. Hukuma ta ce ya ƙetare iyaka ya tafi ƙasar da ke arewa da su neman aiki, kamar sauran samari. Ta riƙe maganar hannu bibbiyu, don ba ta da wata. Shekaru sun wuce ba ta canza lambar wayarta ba. Duk bikin tunawa da matattu, maƙwabta kan jera hotunan mamatansu a kan tebur cikin furanni da kyandir, ita kuwa ta hana kowa taɓa hoton Ulises. Wanda ke raye ba ya hawa wannan teburin, haka take cewa, har 'yan'uwa suka gaji suka yi shiru.

Ta zauna kusa da karen, ta ɗora tafinta a wuyansa. Wurin ba shi da abin sha'awa, ko inuwar kirki babu. An zuba daɓen ne a gurguje lokacin da aka rufe makaranta bayan zanga-zangar, ta dawo aiki ta tarar an binne mata ɗan lambun barkononta, ta yi mitarta ta gaji. Amma da ta zauna nan, sai wani sanyi ya taso daga ƙasa ya ratsa ta, numfashinta ya daidaita. Wani lokaci har takan ji tana magana ƙasa-ƙasa, ba ta san da wa ba.

Ta miƙa masa guntun kaza, bai shinshina ba. Idonsa na kanta, bai ko ƙifta ba.

Maritza, jami'ar da ke kula da shirin karnukan, ta iso tana haki.

"Doña Eulalia, yau kam na kai bango. Wannan ba kare ba ne, buhun masara ne. Na kira mai shi, yana hanya."

"Haba 'yata, ki bar mini shi. Mu ma'aikata ba mu da zuciya ne?"

"Ke ɗin ma wane lallashi yake miki? Dubi yadda ya tsare ki da ido, sai ka ce amsa yake jira."

Doña Eulalia ta ƙara matsawa jikin karen. Tsoro ne ya kama ta, tsoron komawa kwanakin da ba ta da wurin zama ta huta da tunani. Ta ƙudurta za ta roƙi mai karen, ko da durƙuso ne.

Rana na tsaka ya iso, wani dattijo mai malafa da takalmi duk jar ƙasa, Don Crisóforo. Ya taho yana ba Maritza haƙuri yana dariya. Da ya sha kwana ya hango karen, dariyar ta ɗauke. Ya tsaya cak, ya cire malafar ya manna ta a ƙirji.

"Tun yaushe yake kwanciya haka?"

"Tun ranar da aka kawo shi," in ji Maritza. "Kullum nan, ba ya kuskure."

Doña Eulalia ta yi caraf ta riƙe igiyar.

"Don Allah, Don Crisóforo, kada ka raba mu. Kada ka yi mini dariya, amma duk faɗin duniyar nan, a nan kaɗai nake jin kamar ɗana yana kusa da ni."

Dattijon ya dube ta, ya dubi simintin da take zaune a kai.

"Baiwar Allah, tashi daga nan," ya ce a hankali. "Pinole bai taɓa koyon lallashi ba. Da matan nan masu haƙa a daji suna neman gawarwakin 'ya'yansu da suka ɓace ya yi aiki, kuma ba ya kafa haɓa a ƙasa sai in akwai mutum binne a ƙarƙashi."