Tukunyar Bayan Kwalaye

Ƙarfe goma na safe Hassumi ta juye ƙananan sosis na naman sa cikin tukunyar lantarki, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Ta zuba jiƙon tsamiya, zuma cokali huɗu, dakakkiyar citta da ɗan yajin ƙuli, ta rufe. Irin tukunyar nan ce da ba ta san gaggawa ba. Awa biyar take so, kuma duk mai zumuɗin da ya ɗaga murfin don leƙe ya ƙara wa kansa jira.

Gwaji ake yi mata. Hajiya Mardiya, matar sabon mataimakin jakada a Alƙahira, tana neman mai girki, ta kuma ce idan an fitar da ita kunya a liyafar yau, magana ta ƙare. Hassumi ba albashin ne ya kawo ta ba. Mai aiki a gidan jami'in jakadanci ana buga mata iƙama, wato izinin zama a Masar, ita kuwa tata saura kwana tara ta ƙare, an kuma gaya mata ƙarara ba za a sake sabunta ta ba. 'Yarta Kausar tana kwance a ɗaki ɗaya a unguwar Ainu Shams, sau biyu a mako ake kai ta wankin ƙoda. Ranar da aka kori uwar, babu mai riƙe Kausar ta sauko daga bene hawa huɗu.

Da farko kasko Hajiya Mardiya ta miƙa mata. Hassumi ta ce gidan gwamnati ba ya rasa tarkacen waɗanda suka tashi, bari ta duba. Ta shiga sito, ta taka kujera, ta janye kwali biyu, ta sauko da tukunyar, ƙura ta lulluɓe ta.

"Wannan ai an ce kada a jona ta, ƙonewa za ta yi," in ji Hajiya Mardiya.

"Wutar Amurka take ci, Hajiya. Ta nan ta fi ƙarfinta."

Ta durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta jawo wani baƙin akwatin rage wuta, ta haɗa. Jar fitilar tukunyar ta kama. Hajiya Mardiya ta ce tamam, ta tafi gyaran falo, tana murna ta samu mace mai kai.

Hassumi ta zauna a kan ɗan benci tana jera tsinken sakace a faranti. Gida uku ta nema a watan nan, duka ba a dace ba: wannan ya ce ta manyanta, wancan ya ce yana son mai jin Faransanci. Wannan ne na ƙarshe, kuma shi ne wanda ta fi ƙin zuwa. Abin da ya ba ta ƙarfin gwiwa ɗaya ne, ma'aikatan jakadanci shekara huɗu suke yi a sauya su, kowa ya tafi da abin da ya sani. A shekarar 2003 ɗin nan ba ta ga fuskar da ta sani a ofishin ba.

Da ta yi wayo, da tumatirin kwalba da sukari ta zuba kamar yadda kowa ke yi. Ta yi wannan tunanin tun a cikin jirgin ƙasa na metro. Amma wanda ruwa ya ci ba ya ɓoye hannunsa mai ƙarfi, shi ya sa ta yi girkin da ta fi iyawa a duniya.

La'asar sakaliya baƙi suka fara shigowa. Sosis ɗin sun yi ja, romon ya kama jikinsu yana danƙo. Hassumi ta soke kowanne da tsinke, Mahasin, 'yar Sudan mai kula da gidan, ta dinga fita da faranti. Ita dai ta ja mayafi har goshi, ko ƙofar falo ba ta kalla ba.

Faranti na farko ya dawo wayam, haka na biyu. Mahasin ta ce har matan Masarawa suna tambayar me aka sa. A karon farko cikin wata guda Hassumi ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji, har ta fara tsara yadda za ta gaya wa Kausar.

A faranti na uku Mahasin ta dawo tana dariya. Wai wani tsoho ne, Alhaji Mainasara mai sayar da littattafai a unguwar Darrasa, wanda ya shekara talatin a garin ba a liyafar 'yan gida babu shi. Ya ci ɗaya, ya tsaya cak, ya ƙara ɗaya, sai ga hawaye. Ya ja maigidan gefe suna ta ƙus-ƙus.

Hassumi ba ta yi dariya ba. Ta manta ba a yi wa 'yan kasuwa sauyin wurin aiki. Ta kashe tukunyar, ta wanke hannu, ta zauna tana jira.

Hajiya Mardiya ta shigo ba takalmi. Da gwal ɗinta da leshinta ta zube a kan tayil ɗin kicin, kanta a sunkuye.

"Ki rufa mini asiri ki ɗauke ni," Hassumi ta ce a hankali. "Kwana tara ya rage mini, 'yata kuma ba ta da kowa."

"Ma'alish, Mama, ki yafe ni. Maigida ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai yiwu ba, ni ma wallahi ba zan iya ba." Ta ɗago kai. "Da wane baki zan ce wa matar marigayi Alhaji Tanimu, wanda ya koya wa mijina aiki, ta ɗora mini ruwan shayi, a kicin ɗin da ta shekara huɗu tana ba da umarni?"