Matacin da Bai Yi Baƙi Ba

"Ke kika lalata injin tace iskar nan kafin ki tafi!" Preben ya daka wa Solvej tsawa a gaban maƙwabta. "Wata shida 'yata tana tari, asma ta hana ta makaranta."

Shekara tara Solvej tana canza matatan iskar benen nan na birnin Aarhus. Bara Preben, shugaban mazauna, ya kore ta, wai shi zai riƙa yi. Yau ya kira ta don ya ci mata mutunci.

"Matacinki wata uku ya zama baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Buɗe ki ga nawa, sarkin iyawa!"

Ta haɗiye fushi, ta kwance murfin injin, ta zaro matacin. Fari fat.

"Kin gani? Shekara guda cur!"

"Na gani," in ji Solvej. "Baƙin da kake zagi, shi ne dattin da bai kai huhun 'yarka ba."

Ta sa farce ta yage ledar da aka sayo matacin a cikinta, wadda bai taɓa cirewa ba, ta hana iska ratsa shi. Ta miƙa masa ledar.

"Ungo. Ka nuna wa likitanta."