Babur Ɗin da Zdravko Ya Saya Saboda Rumen

Tun ranar da Rumen ya shigo gari da sabon babur, kofi ya daina yi wa Zdravko daɗi.

Zdravko mai gyaran famfo ne a garinmu Troyan. Shekara goma sha ɗaya shi ke jan gaba a hawan farko bayan ƙanƙara ta narke, ranar da masu babura ke taruwa a harabar coci, fada, wato limamin cocin, ya yayyafa musu ruwan albarka, su hau dutsen Beklemeto a jere. Doka ɗaya ce, ba a wuce na gaba. Wannan gaban layin shi ne duk sarautar Zdravko, kuma a kan wani tsohon babur mai haƙuri yake yin ta.

Rumen ɗan ƙanin babansa ne, ya dawo daga tuƙin tirela a Jamus. Babur ɗinsa irin tsiraran nan ne, inji a waje, ba riga, ba gilashin tare iska. Ƙarfinsa ya ninka na Zdravko sau biyu. A shagon kofi na gidan mai, inda ake zama ranar Asabar, kowa ya bar kujerarsa ya je ya kewaye shi.

"Yaya Zdravko, zo ka ɗana mana," in ji Rumen.

"Bar shi. Abin da ya fito ko wando babu, me zan ɗana?"

Lyuben, wanda bakinsa ba ya raga wa kowa, ya ce, "Kai dai ka ce tsoro. Bana sai dai mu ɗaura wa gyatumar babur ɗin nan naka igiya, Rumen ya ja ta zuwa sama."

Aka kwashe da dariya. Zdravko ya taya su da haƙora kawai. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ya san kishi ne.

Sati biyu ba shi da aiki sai kallon hotunan babura a waya. Matarsa Velichka ta ajiye masa miyar wake har ta huce.

"Wa ya ce za a karɓe maka gaba?" ta tambaye shi.

"Sai an faɗa? Na ga irin kallon da suke masa."

"Ba babur kake so ba, Zdravko. So kake na Rumen ya koma ƙarami."

Ya san gaskiya ta faɗa. Duk da haka ya sayar da tsohon babur ɗinsa, ya kwashi ajiyarsu ya ƙara, ya sayo wanda ya fi na Rumen ƙarfi daga birnin Sofiya. Ya sa aka kawo shi cikin motar kaya, ya kulle a gareji. Ko zagayen unguwa bai yi da shi ba, wai kada wani ya gani kafin ranar.

Ku lura, wannan mutumin shi ke koya wa sababbin mahaya cewa sabuwar taya santsi gare ta, sai ta ci hanya a hankali kafin ta kama kwalta.

Ranar Lahadi, ranar hawan, ya samu abin da yake so. Harabar coci ta koma kansa, har fada ya tsaya ya ƙara masa yayyafi. Rumen ya durƙusa ya shafa tayar baya.

"Ya yi kyau, Yaya. Amma dubi, ko gashin tayar bai zube ba. Mu tafi a hankali yau."

"Yaushe aka haife ka da za ka koya mini hawa? Ka biyo bayana, in za ka iya."

Suka kama hawan dutse, babura talatin a jere. Zdravko da ya saba kallon hanya, yau madubi yake kallo. Fitilar Rumen na nan daf da shi, tana ƙyaftawa. Ya ce a ransa, ga shi nan, wuce ni yake son yi a gaban kowa.

A wata kwana, inda yashin da ake watsawa lokacin ƙanƙara yake kwance, ya murɗa mai har ƙarshe. Haka hannunsa ya saba shekara ashirin, don tsohon sai da lallashi yake tashi. Sabon bai san lallashi ba. Tayar baya ta zame, babur ya ja shi ya maka da ƙarfen gefen hanya. Rumen ne ya cire bel ɗinsa ya ɗaure masa cinya har motar asibiti ta iso.

An yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa.

Da Rumen ya je duba shi, Zdravko ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "To, gaba ta zama taka. Hankalinka ya kwanta."

Idon Rumen ya cika da ƙwalla.

"Wace gaba, Yaya? Ni ban san kwane-kwanen dutsen nan ba sai ta bayanka. Shekara shida ina Jamus, ba abin da nake marmari kamar in dawo in bi ka. Fitilar nan, roƙonka nake ka rage gudu."

Zdravko ya juya fuskarsa bango. Duk garin ba wanda ya taɓa neman gaban layin nan, shi ya sauke kansa da hannunsa.

Jama'a, kafin ku canza abin da ke ɗaukar ku lafiya, ku tambayi kanku: buƙata ce, ko idon wani kuke saya wa? Mai hassada yana zaton ɗan'uwansa yake yaƙa, alhali jikinsa yake sara.