Kalmar da Barira Ta Tsallake

Barira ta rufe littafin da ƙarfi, ta ja tsaki. Wannan ne na bakwai da Malama Basma ta ba ta tun faɗuwar damina, kuma duk kanwar ja ce. Yaro ya yi ƙarya, kura ta cinye shi. Yarinya ta yi ladabi, ta tsinci zinariya a bakin rafi. A shafin ƙarshe kuma sai a dangwara da manyan baƙaƙe: DARASI.

Ita dai a Maruta ba ta taɓa ganin kura ta ci maƙaryaci ba. Maƙaryacin da ta sani ma gidan siminti ya gina. Ladabi kuwa tun tana rarrafe take yin sa, amma abin da ta taɓa tsinta a bakin rafi bai wuce ƙaya ba. Ga akuyoyin littafin, kullum fes, suna ba mutane shawara. Ko rantsuwa ta yi ba kaffara, wanda ya rubuta wannan bai taɓa korar akuya daga shanyar gero ba.

Duk da haka karatu take yi, tana nesanta littafin da fuskarta, tana bin baƙi ɗaya-ɗaya da yatsa. Ranar Alhamis mai jarrabawa zai zo daga Birnin Kudu. Wanda ya karanta shafi guda ba tuntuɓe zai wuce aji na gaba, inda ake karanta wasiƙa da takardar asibiti da littattafai marasa hoton dabba. Wanda ya faɗi zai maimaita. Wata shekarar kuma da akuya mai wa'azi! Gara mata ciwon haƙori.

Sai ga littafi na takwas, wanda da shi za a yi jarrabawar: labarin wani yaro, Hambali, da ya ƙi jin maganar uwarsa ya tafi wanka kogi. Barira ta buɗe, ta kalli layin farko.

"Wata rana yaron nan ya tashi da safe," ta karanta.

"A sake," in ji Malama. "Ba 'yaron nan' aka rubuta ba."

Ta sake. Wannan karon cewa ta yi "shi wannan". 'Yan aji suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Malama Basma, da wata biyu kacal ke nan da turo ta garin, ta rubuta sunan a allo, ta rarraba shi gaɓa-gaɓa. Barira ta kawar da kai tana kallon taga. Abin ya ɗaure wa Malama kai: ɗalibar da ta karanta "ƙwanƙwasa" ba gargada, ta yaya sunan yaro zai gagare ta?

A gida Barira ta ƙirga. Sau goma sha ɗaya sunan ya fito a shafi guda. Takaici ya cika ta har ta kasa cin tuwo. Sunaye sun ƙare a duniya ne? Da Tanko suka sa masa, da kogin ya fasa jan sa?

Ranar Alhamis, wanda ya rubuta sunanta a makarantar, ya saya mata jaka da fensir, shi ya kawo ta a babur kamar kullum. Yau bai juya ba. Ya jingina babur ɗin a gindin darbejiya, ya tsaya jikin taga.

Barira ta miƙe a hankali, ta fara. Ta bi layi bayan layi, ta kai yaron bakin kogi, ta tsunduma shi, ta fito da shi a galabaice. Sai dai duk inda sunan yake, tsallake shi take yi kamar kwata.

Mai jarrabawa ya sauke tabarau. "Karatu ya yi kyau, amma an bar kalma ɗaya sau goma sha ɗaya. A faɗe ta sau ɗaya tak, a wuce."

Malama ta haɗa hannuwa tana roƙonta da ido. Barira ta dubi kalmar. Ta san kowane baƙi nata, ta fi kowa a ɗakin nan saninta. Hawayen haushi suka ciko mata. Ta rufe littafin, ta zauna.

Mai jarrabawa ya girgiza kai, ya cire murfin jan biro.

"Ranka ya daɗe, a dakata," in ji mutumin da ke jikin taga, yana shafa furfurar gemunsa. "Ko shekara goma za ta maimaita, Inna ba za ta faɗa ba. Ni ne Hambali, ɗanta na fari, kuma shekarata arba'in da shida ban taɓa jin sunana a bakinta ba."