Lamba Ta Goma Sha Bakwai

Tun da safe, har ta hau keke a Ƙofar Ran, yatsan Juwairiyya bai bar fuskar wayar ba. Jim kaɗan sai ta taɓa, kada hasken ya mutu. Mai keke ya waiwayo sau biyu yana mata kallon mai taɓin hankali. Ta ce, "Malam, dubi hanyarka."

Manhajar ɗaukar ma'aikatan jinyar nan halin munafukin maƙwabci gare ta. Muddin idonka na kanta, ba ta motsi. Ka fita ka dawo, sai ta sabunta kanta, ta ɗauko abin da aka rubuta yanzu, ta shafe na dā kamar ba a taɓa yi ba. In ka kashe data ta kore ka, in ka ɗauki hoto a ce haɗa shi ka yi. Jerin sunayen da ya fito da safe kuwa, kafin azahar an yi masa kwaskwarima, kuma duk wanda ya leƙa wani wuri ya dawo, na farkon ya tafi. Wataƙila a duk Bauchi wayarta ce kaɗai ta rage da shi, da lamba ta goma sha bakwai yadda take tun asali.

Kira ya shigo, Umma ce. Ta katse. Ya sake shigowa har sau huɗu, tana katsewa, ranta na tafasa. Caji saura kashi tara.

A ƙofar ofishin ɗaukar ma'aikatan, maigadin da ke korar masu neman aiki da sanda ya matsa mata har da gaisuwa. Sakatare ya miƙe zai tare ta, ya dubi fuskarta, ya koma ya zauna.

'Yan kwamiti biyar ne a ɗakin. Shugabansu, Alhaji Mudathir, biro na hannunsa, zai sa hannu a jerin ƙarshe, wanda daga shi ba sauran gyara. Ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Ke! Fita, ma yi magana daga baya."

"Ranka ya daɗe, daga baya bakin alƙalami ya riga ya bushe."

Ta wuce shi, ta ajiye wayar gaban Hajiya Aishatu, tsohuwar malamar jinya da kowa ya san ba ta cin na kowa. "Hajiya, kada ki danna komai. Karanta na goma sha bakwai."

Hajiya ta gyara tabarau. "Habibatu Hammadu, Inkil."

"Ajinmu ɗaya shekara uku. Ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar nan, kuma ba ta da kowa a ofishin nan. Kowa ya gani?"

Suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ne kaɗai bai leƙa ba.

Sai a lokacin, bayan awa biyar, Juwairiyya ta ɗauke yatsanta. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta fita daga manhajar da gangan, ta dawo. 'Yar da'irar nan ta juya, jerin ya ƙifta, Habibatu ta ɓace.

Hajiya Aishatu ta karanta sabon sunan da ƙarfi, sannan ta juya ta dubi shugaban kwamiti: "Juwairiyya Mudathir."