Duman Rafi da Ɗan Uwansa

Ranar da tunkiyata ta fara rawar jiki tana tangaɗi, Baba bai yi mini faɗa ba. Bayan la'asar ya kama hannuna muka nufi fadamar Gangara, inda nake kai ta kiwo.

Ya tsugunna ya tsinko fure biyu, ja-ja masu sirkin shuɗi, kowanne baki buɗe kamar mazurari.

Ya ce, "Wanga duman rafi na, shi ta ci. Wanga kuwa ɗan uwanai na, ba ya cuta. Ka gane?"

Na dubi na dama, na dubi na hagu. Wallahi abu ɗaya nake gani.

Na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne."

"Ba fure za ka duba ba. Mai cutar ganyenai zagayayye, bisa rairayi mai laima yake yaɗo. Ɗan uwan cikin ruwa yake kwance, karanai da rami."

Sai na nuna masa wani da ya yaɗo daidai gaɓa, rabi a ruwa rabi a tudu, taɓo ya rufe ganyen. "To, wanga fa?"

Baba ya jujjuya shi, ya shinshina. Can ya ce, "Wanga dai, kore tunkiyar kawai."

Tunkiyar ta warke. Ni kuwa yau da furfurata, in na tarar da furen nan bakin ruwa sai in tsaya ina juya ganye, daga ƙarshe in kore dabbobina daga duka biyun.